Rasuwar Gudrun, Mai Ɗumama Gidan Haugen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu karkarwa don sanyi, ni Arvid Haugen na garin Bemidji a jihar Minnesota nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da 'yan cocinmu rasuwar na'urar ɗumama gidanmu, wadda muka fi sani da Gudrun. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi da hantsi, a ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa, tana da shekara talatin da huɗu a duniya. Ran nan sanyi ya kai talatin ƙasa da sifili.

Marigayi surukina ne ya kawo ta gidan nan shekarar da na auri 'yarsa Marlys. Shi ya raɗa mata sunan mahaifiyarsa, wai dukansu biyu akwai babbar murya amma babu mugunta. Tun daga ranar ba ta taɓa barin wurinta ba. Wata bakwai take aiki ba hutu, rani ya zo ta yi shiru ba ta damu kowa ba. Ita ta busar da safar yaranmu har suka girma suka watse. A gefenta kyanwarmu ta haihu sau uku. Duk wanda ya taɓa kwana gidanmu ya san muryarta: tak, tak, tak, sai ta ja numfashi ta ce fuuum, gida ya ɗauka. Da tsufa ya kama ta sai ta ƙara da wani ƙwas-ƙwas a ƙarshe, wanda ni kaɗai na san maganinsa, wato mari biyu a haƙarƙari.

Ina alfaharin shaida wa jama'a cewa a duk tsawon rayuwarta hannun baƙo bai taɓa ta ba. Kowane watan Oktoba nakan sauka da koren akwatin kayan aikina, gadon mahaifina, in canja mata matacin iska, in ɗiga mata mai, in yi mata hira. Ƙanin matata Duane, wanda gyaran irinta ne sana'arsa, da takardar shaida da mota mai sunansa a jiki, duk shekara a teburin bikin godiya sai ya ce, "Injiniya, bari in leƙa tsohuwar nan mana, minti goma kawai." Ni kuwa in ce, "Ci talotalonka, yaro. Tana cin wuta tun kana yoyon majina."

Ciwon ajalinta ya faro ne daga ƙwazona, kuma gara a ji daga bakina kafin a ji daga bakin Duane. Bana na ƙudura cewa ko iskar da za ta kaɗa gashin kyanwa ba za ta shigo gidan nan ba. Na liƙe tagogi da leda, na toshe ƙasan ƙofofi. Da na janye firjin naman barewa daga bango sai na ga wani bututu mai faɗin faranti, iska mai sanyi tana ta kwararowa daga waje. Na tsine wa magini mara tunani. Na ɗauko tsohon matashin kai da safar ulu biyu na cusa, na bi da salatif har zagaye shida. Washegari a shagon kofi na ba abokaina labari, har Lyle mai kantin ƙusa ya ce zai je ya duba nasa gidan. Lyle, idan kana karanta wannan, ajiye takardar ka je ka cire.

Ashe bututun nan hancin Gudrun ne. Ta nan take shaƙar iskar da wutarta ke ci.

Marigayiya ta yi haƙuri wata biyu. Harshen wutarta ya koma rawaya daga shuɗi, na ce tsufa ne. Ta fara tari, na ƙara mata mari. Marlys ta fara kukan ciwon kai kullum da safe, na ce yawan saƙa ne. Ranar Lahadi ƙararrawar nan ta bango, mai sansano muguwar iskar da hancin mutum ba ya ji, ta fasa ihu. Kyautar Duane ce, don a zauna lafiya kawai na rataye ta. Na jawo kujera na hau zan cire mata batir, ina cewa kayan zamani ba su da aiki sai ƙarya. Marlys ta tsaya a ƙasa da kyanwa a hammata ta ce, "Arvid, taɓa batirin nan ka gani. Sauko mu fita." Muka fita cikin dusar ƙanƙara da silifas.

'Yan kwana-kwana suka zo suka yage ledata suka buɗe tagogi. Duane ya iso ya sauka ɗakin ƙasa, ya fito da matashin kan a hannu, ya ɗaga shi a gaban maƙwabta. "Injiniya," in ji shi, "wannan aikin wane gwani ne?" Ya ce cikin Gudrun ya toshe da baƙin hayaƙi har ya tsage, babu gyara. Ya rataya mata jan katin hana kunnawa ya rufe gas. Wani dattijo cikin 'yan kwana-kwana ya ja ni gefe ya ce da na cire batirin nan, da wani ne zai rubuta sanarwa, kuma ta mutum biyu. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ran nan ba, kuma har yanzu ban iya kallon kujerar nan.

Marigayiya ta bar ƙaninta tankin ruwan zafi, wanda shi ma yana jin jiki. Ƙofofin iska goma sha ɗaya da suka yi tsit. Kwalin matatai sababbi da ba za su shiga kowa ba. Da ni, cikin riguna uku. Marlys da kyanwa suna gidan Duane. Ran da suka tafi, Marlys tana shiga mota ta sauke gilashi ta ce, "Ni da koren akwatin nan ba za mu sake kwana gida ɗaya ba. Ka zaɓa." Kwana uku na yi ina tunani, abin da bai kamata ya ɗauke ni minti uku ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Ana neman ƙarti huɗu masu lafiyar baya, domin matakala goma sha uku ce kuma marigayiya ba ta rame ba. Motar Duane za ta kai ta filin tsoffin ƙarafa. Zaman makoki a gidansa ne, akwai kofi da gasasshen dankali da nama. Kada a kawo furanni, daskarewa za su yi. Mai son girmama ta ya je gida ya danna tasa ƙararrawar muguwar iska ya ji ko tana da rai, kuma in ya ga rami a bango ya tambaya tukuna. Duane ne zai girka magajiyarta, an yarda in riƙe masa tocila.

Koren akwati zai bi gawa a mota ɗaya. Marlys ta ce za ta tsaya a bakin ƙofa ta ga fitarsa da idonta kafin ta shigo da jakarta. Wanda ya gan ni ina hawaye a wurin, don Allah kada ya tambaye ni wa nake yi wa.

Arvid Haugen, tsohon injiniya, a madadin iyali.