Bakan da Na Kai Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da idona ya faɗa kan littafin nan ba, a wani shagon gwanjo a unguwar Withington ta Manchester inda na shiga fake wa ruwan sama. Bangonsa kore, da hoton wani ƙaton Bature mai gemu riƙe da baka a dokar daji, wai zai koya maka ƙera makami da hannunka idan duniya ta rikice. Ni duniyata ƙalau take. Zuciyata ce ta rikice, kuma Nafisa ce sanadi.

Na taso ina satar karanta littattafan soyayyar yayata, har na yarda ba a samun mace sai da bajinta. A cikinsu saurayi yakan tare motar da ta ƙwace, ko ya shiga gobara ya fito da budurwa. Ni kuwa ɗalibin PhD ne a lissafi, bajintata ba ta wuce kama bas a kan lokaci ba. Nafisa a jami'armu take, 'yar Birmingham (ba zan siffanta idanunta ba, in na fara ba za mu kai ga bakan ba).

Ita ta gaya mini kakanta shi ne Sarkin Baka a garinsu can Najeriya, kuma Abbanta, wanda likita ne, yakan yi shiru duk lokacin da aka ambaci farauta. Na ce a raina kewa ce. Ga shi zan je gaishe shi karo na farko, ga wani injiniya ɗan abokinsa, shi ma mai neman Nafisa, ya riga ni zuwa da kwalin turare. Turare kowa ma ya iya saya. Ni baka zan kai, ƙirar hannuna.

Littafin kuwa sai addu'a. Hotunan dishi-dishi kamar a cikin hayaƙi aka ɗauka. Ya ce a duba zane na gaba, zanen babu shi. Awo nan inci, can santimita. Itacen da ya ambata ban taɓa jin sunansa ba, don haka na tsinto wani reshe a park kusa da flat ɗinmu a Hulme. Habu, abokin zamana, ya juya littafin ya tambaye ni ko marubucin ya taɓa harba abin da kansa. Na ce masa so ba ya tambayar hujja. Ban ma gwada bakan ba, don ban taɓa karanta inda jarumi ya tsaya gwaji ba.

Na naɗe shi a zanen gado na hau coach, doguwar bas ɗin zuwa Birmingham. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko kayan kiɗa ne, na ce e (ban yi ƙarya sosai ba, daga baya ya yi ƙara).

A gidansu da ke Sparkbrook na durƙusa na gaida Abba cikin farar shaddata. Bayan an ci tuwo na warware zanen. Ya dubi bakan.

"Ɗana, ajiye wannan abin," ya ce.

Na zaci kara yake yi mini. Na fita garden ɗin bayan gida, na gyara tsayuwa, na hango Nafisa a tagar kicin. Nan fa littattafan yayata suka taso mini. Wallahi har kirari na yi wa kaina, na ce ni ne namijin da daji ke tsoro. Sannan na ja tsirkiya.

Ƙas! Rabin bakan na sama ya dawo ya same ni a gira. Kibiyar ta faɗi a kan takalmina, ni kuma na zauna daram a cikin tukunyar alayyahun Hajiya, mahaifiyar Nafisa. Jini ya wanke gaban shaddar.

"Oh my days, Abba, ya harbi kansa!" in ji Nafisa daga taga.

Abba ya zaunar da ni a kujerar kicin, ya wanke wurin ya manne da filasta. Ya ce da ya sauko faɗin yatsa ɗaya da na rasa ido. Sai ya gaya mini dalilin shirunsa a kan farauta: haka mahaifinsa ya rasa ido, kuma da bakan da gwani ya sassaƙa. Tun ranar tsohon ya rantse babu ɗansa da zai riƙe baka, ya tura su boko.

"Na baro abin nan a Najeriya," ya ce, "kai kuma ka biyo ni da shi a coach."

Ya karɓi littafin ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙarshe, inda marubucin ya ce babu ruwansa da duk abin da ya sami mai gwadawa. Ko mai shi bai yarda da shi ba, sai ni.

Na koma Manchester da kumburarren ido, na riga na sallama wa injiniya. Ashe Abba ya ce wa Nafisa yaron nan ba shi da wayo, amma yana zubar da jini yana ba Hajiya haƙuri a kan alayyahu, kuma wayo ana koyonsa. Ya amince, da sharaɗin kada in sake ƙera komai, ko da kantar ajiye littattafai ce.

Darasin da na koya: kada ka ɗora idonka a kan littafin da marubucinsa ya wanke hannunsa, kuma gidan surukai turare ya isa.

Yanzu Abba ya yi ritaya, yana noman tumatir a garden ɗin nan. Rabin bakan ne ke tokare masa shuka ɗaya. Duk Sallah sai ya nuna wa jikokinsa, ya ce su je su gaida babansu Sarkin Baka.