Jan Fenti a Bayan Surukina

Na tsira daga ambaliya, na tsira daga 'yan fashi a hanyar Benin. Gwangwanin fenti ne ya gama da ni.

Tsohuwar a-kori-kurata tana da manyan haruffa masu tudu a murfin baya. Ban iya karanta su ba, amma na rantse sai sun yi ja kafin wani ɗaurin aure da za a yi a garin Lafagu. Fentin ya yi kauri, na zuba masa man gyaɗa.

Makanike ya ce, "Baba, wannan ba zai bushe ba."

Na ce na girme shi.

Ranar ɗaurin auren na ɗauko surukina, wanda da ƙyar ya fara ganina da mutunci, da dattawan unguwarsu, kowa cikin farar shadda. Motar ta kafe a yashi. Suka sauka, suka jingina mata baya, suka tura.

Haka surukina ya tsaya waliyyin amarya da jan harafi a gadon bayansa. Bai yi faɗa ba. Gaisuwata ce kawai ya daina amsawa.

Har yau in na shiga tashar Bagudo, nan kusa da iyakar ƙasar Benin, sai direbobi sun ce, "Baba, ga masu tsallaka iyaka, zo ka buga musu hatimi."