Radiyon Kawu Alzuma

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da faransancina ya kunyata ni a Yamai ba.

Kawuna Alzuma ne ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ƙafafunsa suka daina ji. A asibitin Filinge aka ɗauki hoton bayansa, aka ce ƙashi ya karye yana danne laka, sai Yamai. Dangi suka haɗa ni da shi saboda ni ne "ɗan lakwal", wato ɗan boko (aji shida na yi na gudu, amma ban taɓa tunatar da kowa ba).

A asibitin Yamai, likitar ƙashin baya ta gaishe mu da Hausa tsaf. Ni kuwa na gyara tsayuwa na amsa da faransanci, don kawu ya ga aiki. Sai ta bi ni da shi. Ta yi ta bayani ina gyaɗa kai, abin da na kama kawai shi ne a kawo mata "radio" ɗinsa kafin aiki.

Na ce a raina, likitocin birni sun san darajar marar lafiya, har kaɗaicinsa suke tunawa. Da sassafe na hau mota zuwa Filinge, na ɗauko radiyon kawu, wadda aka ɗaure da roba, na juyo.

Na same ta a gefen gadonsa da ɗalibanta huɗu. Na miƙa da hannu biyu.

Ta ce, "Malam, mi ke nan?"

"Radiyon da kika ce. Har batir na sake."

Wani ɗalibi ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na rawa. Ta ce a hankali, "Hoton bayanshi nike nufi, shi ake ce ma radio da faransanci."

Kawu ya nuna babban ambulan ɗin da na kwana biyu ina masa fifita da shi. "Ɗana, ba wanga ba ne?"

Shi ne.

Allah ya taimaka, hawan jinin kawu suke jira ya sauka, don haka wautata ba ta jinkirta aikin ba. Suka ɗage ƙashin daga kan lakar, suka kafe shi da ƙarfe. Bayan watanni na koyon tafiya, yanzu da sanda yake zuwa masallaci.

Tun ranar, in ban gane magana ba sai in ce a maimaita. Kunyar tambaya ba ta kai ta dariyar ɗalibai huɗu ba.