Ƙwaryar Inna Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Injiniya Dawuda Almustafa, mazaunin unguwar Suwaidi a birnin Riyadh, nake sanar da 'yan'uwa na wannan zaure namu na waya, likitoci da direbobi da 'yan kasuwar Utaiqa, rasuwar ƙwaryar furar gidanmu, wadda aka fi sani da Ƙwaryar Inna. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a wurin ajiye motoci na makarantar 'yata, tana da shekara talatin da ɗoriya a duniya. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, mai ita, wato matata Rahina, ba ta sani ba. Jirginta zai sauka gobe Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma.

An haifi marigayiya a jikin duman da ke bayan gidan surukata, Inna, a garin Gumel. Inna da hannunta ta fafe ta, ta kankare, ta shanya, sannan ta kai wa mai zane ya ƙona mata layi uku a gefe don kada ta ɓace a gidan biki. Duk 'ya'yan Inna bakwai a cikinta suka koyi shan fura. Sau biyu ta tsage, sau biyu gyartai ya ɗinke ta, har ɗinkin ya zame mata kamar tsagar gado.

Ta shigo ƙasar Saudiyya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a naɗe cikin zani a kan cinyar Rahina, don ta rantse ba za ta sa ta a cikin kaya ba. Ita kaɗai ce a gidanmu ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta da kafili mai tsaya mata, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da ita a hanya. Waɗanda suka zauna da ita sun shaida halinta. Ba ta tsatsa, ba ta neman lantarki, kuma fura in ta kwana a cikinta takan tashi da wani ƙamshi da kwanon silba bai san hanyarsa ba. Ba ta da yawan magana. Ranar Juma'a in mun sauko daga masallaci sai ka ji ta daga kicin, ƙur-ƙur-ƙur, ludayi na zagaya ta. In kuma kewar gida ta ishi Rahina, takan kife ta a cinya ta riƙa bugawa da yatsu, kaf-kaf-tum, kaf-kaf-tum, ba waƙa ba komai. Ni dai in na ji wannan sautin nakan lallaɓa in ba su wuri.

Da aikin asibiti ya yi wa Rahina yawa, sai ta koma dama fura da injin markaɗe, ta ɗora marigayiya a saman kabad ta rufe da faifai. Shekara uku tana can. Ni a jahilcina na ɗauka ritaya ta yi, ashe ajiya ce.

Ga yadda ciwon ajali ya faro. Watan jiya Allah ya yi wa Inna rasuwa. Wannan kam ba wasa a ciki, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Rahina ta tafi Gumel za ta zauna har sadakar arba'in, ta bar ni da Sumayyah, 'yarmu mai shekara tara, haifaffiyar nan, wadda Larabcinta ya fi Hausarta nisa. Yarinya ta daina cin abinci, ta daina surutun nan nata da ke hana ni jin labarai. Na sayo shawarma, na kai ta wurin wasa, duk a banza. Ana haka sai makarantarsu, wadda 'ya'yan baƙi suka fi yawa a cikinta, ta aiko da takarda: ƙarshen Oktoba za a yi bikin nan na dodanni da Turawa ke kira Halowin, kowane yaro ya haɗa kayan ado masu ban tsoro daga tarkacen gida, kada a sayi komai. Ni ba ruwana da wannan biki, kuma na sha faɗin haka a ofis. Amma ranar ce na fara ganin haƙoran yarinyar nan a waje cikin mako uku. Ba zan kuma ɓoye muku ba, maganar nan ta kada a sayi komai ta kwanta min a rai, waɗanda suka taɓa bi na kasuwa sun san dalili.

Muka duƙufa. Baƙar ledar shara muka yanka ta zama jemagu goma sha ɗaya. Kwalin ƙwai ya zama gizo-gizo, muka yi masa ƙafafu da tsinken shan lemo. Tsohon farin zanin gado muka huda masa ido biyu ya zama fatalwa, robobin madara kuma muka naɗe su da ragowar bandeji. Falonmu ya koma wurin da ko ni ba na son shiga ba fitila. Saura abu ɗaya, kabewar nan da suke fafewa su yi mata ido da baki su kunna kyandir a ciki. Sumayyah ta ce kowa zai zo da ita. Na leƙa wani kanti a Ulaya kusa da ofishinmu, na ɗaga kabewa, na ga kuɗinta, na mayar da ita a hankali kamar jaririn wani. Na dawo gida na tsaya kan takardar makaranta tamkar lauya: an ce kada a sayi komai.

Ranar Asabar da hantsi Sumayyah ta taka kujera tana neman kwali a saman kabad, sai na ji ihunta.

"Baba, shuf, duba! Wannan sahan ɗin tana da baki tun tuni! Wallah tana ban tsoro!"

Ɗinkin gyartai take nufi, wanda ya bi gefen marigayiya a karkace kamar bakin da aka ɗinke. Sahan ta kira ta, wato faranti, don ko sunanta ba ta sani ba. A nan ya kamata in zaunar da ita in gaya mata wace ce wannan, daga ina ta fito, hannun wa ya fafe ta. Ban yi ba. Ni da ba na ɗaure noti ɗaya a jikin lif sai na duba littafi sau uku, na ɗauki alƙalami na zana mata ido biyu.

Ni na riƙe injin huda, ni na riƙe zarto. Ina so a rubuta wannan a ajiye, don na ji wasu sun fara cewa aikin yara ne. Da bakin injin ya shiga jikinta ta yi wata ƙara, ƙiiii, siririya, garinta ya tashi, sai ƙamshin tsohuwar fura ya bugi hancina. Na ɗaga hannu daga injin. Sumayyah ta ce, "Yalla, Baba, saura ɗayan idon." Na dubi fuskarta, na sake dannawa. Muka ƙara wa bakin haƙora, muka shafe ta da fenti ruwan goro, layi ukun nan na Inna suka nutse a ƙarƙashinsa.

Marigayiya ta rasu tana kan ganiyarta. Ranar Talata ita ta zo ta ɗaya a duk makarantar, har wata malama ta tambaye ni inda ake samun kabewar da ba ta ruɓewa, ni kuwa ina ta washe baki. Awa biyu kyandir na ci a cikinta, abin da busasshiyar ƙwarya ba ta taɓa gani ba. Da aka tashi na ɗauko ta zan sa a mota, sai na ji ƙas! Daga ido zuwa tsohon ɗinki ta dare, ta rabu gida huɗu a hannuna. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe. Iyayenmu sun ce araha ba ta ado, ni kuwa tawa ta yi adon, sannan ta kashe mai shi.

Ina tsaye da gutsattsarin a hannu wayata ta yi ƙara. Rahina ce. Bayan mun gaisa ta ce:

"Baban Sumayyah, yau aka raba kayan ɗakin Inna. Yaya ta ɗauki dardumar sallarta, su ƙanena Maulud suka ɗauki akwatin. Aka ce in zaɓa, na ce ni ba na son komai, ƙwaryarta tana wurina, ta ishe ni. Don Allah ka sauko min da ita ka wanke kafin in iso. Na sa an yi min fura da geron gonarta na bana, a cikinta nake so mu sha."

Na ce, "To."

"Lafiya na ji muryarka haka?"

"Mura ce," na ce mata.

An yi iya ƙoƙari wajen ceto ranta. Yau da sassafe na ɗauki izini a wurin aiki na tafi kasuwar Utaiqa wurin Bachir, mutumin Maraɗi mai sayar da dabino, wanda mahaifinsa gyartai ne. Ya jera gutsattsarin a kan kwali, ya daɗe yana kallo, ya kankare fentin da farce har layi ukun suka fito.

"Injiniya, wa ya yi wagga ɓarna?"

"Ni ne."

"Kai da hannunka? Da iliminka?" Ya girgiza kai. "Tsohona tsaga yake ɗinkewa. Kai rami ka yi, ka hidda naman ka yas. Khalas, babu fa'ida, ba ta gyaruwa."

Sai ya rage murya. Ya ce akwai wata 'yar Damagaram a bayan kasuwa mai sababbin ƙore, za a ƙona wa ɗaya layi uku, a tsaga ta da gangan ya ɗinke, a jiƙa ta da nono ta yi duhu, "Madam ba ta ganewa, wallahi." Ya aika aka kawo. Na riƙe ta a hannu, girmansu ɗaya, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta karkata. Sai na hango Rahina gobe a falo, tana shan geron uwarta na ƙarshe a ƙwaryar da ba ta taɓa ganin Inna ba, tana hawaye, ni kuma ina zaune a gefe ina cewa Allah ya jiƙan rai. In ta gane, na shiga uku. In ba ta gane ba, abin ya fi muni, kuma ni kaɗai zan riƙa ɗauke da shi. Na mayar wa Bachir ƙwaryarsa, na tattara tawa na taho. Shure-shure dai ba ya hana mutuwa.

Marigayiya ta rasu ta bar ludayi, abokin zamanta na shekaru, wanda ke rataye a kicin bai san inda zai sa kansa ba. Ta bar faifai, da injin markaɗe da ya gaje ta ba tare da ya cancanta ba. Ta bar jemagu goma sha ɗaya da gizo-gizo, da takardar yabo da ke manne a firij ba mai iya kallonta. Ta kuma bar Sumayyah, wadda na zaunar ɗazu na ba ta labarin da ya kamata in ba ta tun ranar Asabar. Da na gama ta ce, "Baba, ya sunanta da Hausa?" Na gaya mata. Tun daga nan take ta maimaitawa a ƙasan maƙoshi. Ta ce ita ta gano ta, don haka ita za ta gaya wa Mama. Na ce a'a, wanda ya riƙe zarto shi zai buɗe baki.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, haukana bai kai can ba. Ba kuma za a binne ta ba sai mai ita ta gani ta ba da izini. A yanzu tana kwance a cikin kwalin dabino a kan teburin falo, an lulluɓe ta da farin zanin gado, kuma ina ba da haƙuri a kan huji biyun da ke jikinsa, shi kaɗai ne farin da ya rage mana. Za a zauna karɓar gaisuwa a gidana da ke Suwaidi gobe bayan magariba. Masu zuwa su zo da matansu, don Rahina za ta buƙaci wanda zai riƙe ta, kuma ba na jin ni ne. Kada kowa ya zo da sabuwar ƙwarya. Kada kowa ya ce mata ai ƙwarya ce kawai, wanda ya faɗi haka ni zan raka shi ƙofa.

Ni zan tafi filin jirgi da ƙarfe uku, ni kaɗai, in gaya mata tun kafin in tada mota. Tsoro nake ji ƙwarai, ban taɓa jin irinsa ba ko ranar da lif ya maƙale da ni a hawa na talatin, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Roƙona gare ku, don girman Allah kada wanda ya tura mata wannan sanarwa, ina so ta ji daga bakina.

Sai dai na san zauren nan, na kuma san matanku. Saboda haka, Rahina, in har wannan ta riske ki kafin ki hau jirgi a Kano, ki sani ba mura nake yi ba. Ki taho da furar duk da haka. Kin ce in sauko miki da ita in wanke kafin ki iso. Na wanke ta, na goge fentin tas, layi ukun Inna sun fito. Tana nan gida huɗu tana jiran ki, ni ma haka.