Masu Gadin Kogon Sadaka

A wani daji da ke gefen fadama, akwai wata tsohuwar kuka mai kogo a gindinta. Tun zamanin kakanni, duk tsuntsu ko dabbar da ta sake gashi, sai ta kwashi tsohon ta jefa a kogon nan sadaka. Mai bukata ya zo ya ɗiba, ba mai tambayarsa sunan ubansa.

Zabuwa ba ta taɓa fashin kai nata ba, ko shekara ɗaya. To, a ƙarshen ranin bana gobarar daji ta rutsa da ita, ta babbake mata ƙirji da ciki. Damina ta sauka, ga ƙwai goma sha biyu ta saka a ƙarƙashin wata sabara, ga ƙirji fayau ba abin ɗumama su. Sai ta nufi kuka, karo na farko a rayuwarta da za ta je karɓa, tana tafe tana jin kunya.

Ashe abubuwa sun canza. An daɗe ana ƙorafin kayan kogo na yin ƙafa, har aka kafa majalisar tsaro, Burtu shugaba, Hankaka magatakarda. Tun da aka kafa ta kayan suka ƙara sauri, sheƙar Hankaka kuma ta yi wani irin laushi, amma wannan ba ya cikin abin da aka ce majalisa ta bincika.

Zabuwa ta zura baki ta zaro gashi ɗaya, mai ɗigo-ɗigon fari. Kafin ta juya, Hankaka ya kwarma ihu daga reshe: "Ɓarauniya! Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya!"

Nan take aka tara majalisa.

"Ranka ya daɗe," in ji Zabuwa, "ai nawa ne. Dubi zanensa. Ni na kawo shi bara."

Burtu ya kumbura maƙogwaro, ya gyara tsayuwa. "Baiwar Allah, wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin da aka ba da sadaka ya bar hannun mai shi har abada. In kina da bukata, ki kawo shaidu biyu su tabbatar ba ki da gashi, a ranar da za a buɗe kogo."

"Ga ƙirjina kana gani, ranka ya daɗe."

"Ina gani a matsayina na Burtu. Majalisa ba ta gani ba tukuna." Ya juya ga jama'a. "'Yan'uwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau mun ga tsagar da idonmu. Daga yau Zanzaro zai liƙe bakin kogo da laka, ya bar 'yar kafa ta jefawa kawai, ba za a fasa ba sai sabon wata ya tsaya. Saura mai gadi. Ina son wanda zai kwana ciki ya tashi ciki, wanda ba a taɓa ganinsa ya fito da kayan wani ba."

Aka yi ta jefo sunaye. Gafiya, an sha ganinta da abu a baki. Biri, hannunsa ya cika tsawo. Can sai wani ya ce, "Gara fa?"

Kowa ya shiga laluben ranar da ya ga Gara ɗauke da kaya a hanya. Ba wanda ya tuna.

"Ranka ya daɗe," Zabuwa ta ce, "an tambaya me Gara ke ci?"

"Wadda ake tuhuma ba ta da bakin shawara," in ji Hankaka, ya rubuta cewa an amince baki ɗaya.

Aka karɓe gashin daga bakinta, aka mayar, Gara ta shiga da dukan danginta, Zanzaro ya shafe.

Ruwa kuwa bai jira sabon wata ba. Zabuwa ta kwanta a kan ƙwanta da fatar ƙirji, tana jujjuya su da baki, na gefe ta dawo da shi tsakiya, na tsakiya ta tura gefe. Ta jawo ciyawa, ciyawa ta jiƙe. Kullum da safe sai ta tarar wani ya huce. Abin da ya fi ci mata rai, in ta ɗaga kai tana hango masu alheri a layi, suna jefa gashi mai kyau ta kafar nan, suna komawa gida da farin ciki. Ranar da wata ya tsaya, saura ƙwai biyu masu ɗumi.

Washegari ta bar su ta ruga kuka, da Kurciya da Fakara a matsayin shaidu. An yi shara, an yi jawabai uku. Sannan Zanzaro ya fasa laka.

Jar ƙasa ce ta zubo, sai 'yan kararen gashi.

Uwar Gara ta fito da ƙyar, don kafar ta yi mata kaɗan, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, mun riƙe amana. Ko sili ɗaya bai fita ba."

Burtu ya dubi ƙasar, ya dubi jama'a. Dattijo ne, ya san ba a barin shiru ya yi tsawo. "Kun ji da kunnenku," in ji shi. "Wata guda cur, ba a yi sata ba!"

Aka ɗauki tafi. Hankaka ne kaɗai ya tafa ba da zuciya ɗaya ba.

Zabuwa ba ta tsaya rufe taro ba. Ta koma gindin sabara, ta taɓa ƙwan nan biyu da baki, ta ji su kamar tsakuwar rafi. Duk da haka ta kwanta a kansu, don ba ta san me kuma za ta yi da ƙirjinta ba.

Da shekara ta zagayo aka sabunta wa Gara aiki. An kuma lura masu neman sutura a dajin sun kasa abin da aka yi hasashe da goma sha biyu, majalisa ta sa wannan ma cikin nasarorinta.