Rasuwar Uwar Ɗaki, da Inna a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya nake sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a da maƙwabtan shago rasuwar Uwar Ɗaki, kwamfutar da nake tace bidiyo da ita tun ina da gashi a tsakiyar kai. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta na jikin taga, tana tsaka da aiki. Ta tafi da bidiyon mahaifiyata a cikinta, wanda mahaifina yake jiran gani kafin idonsa ya gama rufewa.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, kuma ba ta taɓa da'awar kyau ba. Baƙa ce mai faɗin ƙirji, gefenta ɗaya ɗaure da waya tun ranar da ta faɗo daga benci. Idan aka kunna ta da safe sai ta yi gyaran murya, "ƙirr, ƙirr, tit," mutum ya share shago ya goge tebur kafin ta gama miƙa. Amma idan ta kama aiki ba ta saki. Babbar manhajarta, wato wadda ke riƙe da gidan gaba ɗaya, ta tsufa har masu ita sun daina tambayar lafiyarta. Manhajar tace bidiyon da ke zaune a kanta kuwa, kamfanin da ya yi ta ya daɗe da rufewa. Su biyun sun saba kamar tsofaffin ma'aurata, ni kuma yatsuna sun san su, ina yanka hoto ko madannai ban kalla ba.

Hali ɗaya gare ta wanda a da muke yabo, yau ya zame mana masifa: riƙon sirri. Duk abin da ta kwaso daga kaset a irin nata ƙunshin take ajiye shi, ba mai kwancewa sai ita, sai ranar da aka gama aiki ta fitar da shi a bidiyon da kowa zai iya kallo.

Baba tela ne. Da likita ya gaya masa duhun da ke cin idonsa daga gefe yake tahowa kuma ba zai tsaya ba, sai ya ciro wani kaset daga ƙasan akwati ya miƙo min. Wani maƙwabci ne ya ɗauki mahaifiyata, Inna, a bidiyo shekaru da yawa da suka wuce, tana tsaye a ƙofar shagon ɗinki tana yi wa Baba tsiya a kan wandon da ya yanka ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ba mu da wani hotonta mai motsi a duniya sai shi. Kaset ɗin ya yi fumfuna. Sau ɗaya ya yarda ya juya, Uwar Ɗaki ta kwashe shi tas, yana kaiwa ƙarshe zaren ya tsinke ya marmashe a hannuna.

Tsufan kaset ya sa Inna ta fito koriya shar. Baba ya zo shago ya tsaya daga baya, ya ce, "Kai, nuna min haka nan mana. Ko koriya ce ai na san matata."

Na ce, "Haba Baba, ba a nuna ɗanyen aiki. Kai ka taɓa ba mutum riga babu hannu?"

Ya yi dariya ya ce, "To, tela ya ji. Amma ka yi sauri."

Haka aka koya mana sana'ar, haka kuma na bi. Na zauna ina mayar wa Inna launinta hoto bayan hoto, na yi wa Baba alkawarin Talata.

Ciwon ajalin ya fara ne daga numfashi. Fankar da ke cewa "huuu" ta koma "gurr, gurr." Daga nan agogonta ya rikice, kullum da safe sai ta farka a wata shekarar baya, shekarar da Inna ke raye, na gyara, gobe ta sake komawa. Sai wani wari ya biyo baya, irin na roba a wuta. Mai gyara na ƙarshen layi ya kara kunnensa a jikinta ya ce, "Maigida, ka fitar da abin da ke cikinta yau ɗin nan. Wannan numfashin ba na mai kwana da yawa ba ne." Na ce masa saura kaɗan, hannayen Inna ne ba su gama komawa daidai ba. Ranar Talata na ba ta umarnin fitar da aikin. Layin da ke nuna tafiyar aikin a allo ya rarrafa har tsakiya, ta ja wani dogon "tiiit" da ban taɓa ji ba, allo ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta.

Ta rasu ta bar allo ɗaya, linzamin kwamfuta mai koɗaɗɗen baya, lasifika biyu ɗaya kurma, da faifan ajiyarta da mai gyara ya ciro da sauran rai. Wannan marayan na ɗauka na shiga neman gidan da zai riƙe shi.

Na fara da mijin ƙanwata, mai siririyar kwamfuta mai sheƙi, ƙirar kamfanin nan da ko wayar caji sai tasu. Ya ce, "Yaya, ai tuntuni nake ce maka ka dawo wajenmu." Gaskiya manhajarsu tana da sauri, launi a wajenta kamar wasa. Ta dubi fayil ɗin Inna ta ce ba ta san shi ba, ko ƙofa ba ta buɗe ba.

Na tafi wajen abokin sana'ata, wanda babbar manhajarsa jikar ta marigayiyar ce, irin wadda ke kusan kowane shago. A nan na sa rai, tunda jini ɗaya ne. Muka ɗora tsohuwar manhajar tacewa, ta nuna sunanta ta faɗi. Muka gwada sabuwar tasa, ita ta buɗe, amma murya kawai ta kawo. Allo baƙi ƙirin, sai ga dariyar Inna tana fitowa daga cikin duhun. Na san abin da zai rage wa Baba ke nan idan idonsa ya rufe. Na ce ya kashe.

Malamar da ke koyar da kwamfuta a saman benenmu tana cikin masu manhajar kyauta, waɗanda ke rubuta umarni da hannu. Ta yi ta fama har hoto ya fito, amma a farfashe, ido a nan, baki a can, kore ya dawo ya rufe komai. Ta ce, "Don Allah kada ka kai wa tsoho wannan." Yanzu su ukun suna zuwa gaisuwa, kowa yana yabon gidansu yana zagin na ɗan'uwansa, ni ina zaune da faifai a aljihu.

Game da jana'iza, ba za a rufe marigayiyar ba tukuna. Tana kwance a bencin mai gyara an lulluɓe ta da zane, ana jiran a samu sa'arta mai irin kayan cikinta, a dasa mata faifan ko tsohuwar manhajar za ta farka. Duk mai irin wannan tsohuwa a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa, ya taimaka ya kawo da gaggawa. Faifan ma ya fara "ƙas, ƙas," mai gyara ya ce kowane gwaji yana cin kwanansa, wataƙila saura ɗaya.

Ana karɓar gaisuwa a shago. Ana roƙon jama'a kada kowa ya je gida, domin ba a gaya wa Baba ba. Tun ranar Talata yake saka babbar rigarsa da yamma ya zauna gaban talabijin yana jirana. Jiya da na shiga ya ji takuna, ya sunkuya wajen talabijin ɗin, alhali a kashe take, ya ce, "Ka saka ne? Matso min da kujerar nan, kamar ga ta can tana tahowa."

Na matso masa da ita.