Rasuwar Tsohuwar Bidiyo da Kaset a Cikinta

Da zuciya cike da baƙin ciki, iyalan gidan Direba na sanar da rasuwar abokiyar hirarsu, Tsohuwar Bidiyo, wadda ta cika jiya da hantsi a ƙarƙashin talabijin.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ɗauke wuta, yara sun tura mata cokali a baki, ba ta taɓa kai ƙara ba. Iyakarta "ƙirrr, ƙwas!" ta haɗiye abin da aka ba ta.

Ajali ya zo ne ta hannun Uwar Biyu, matar gidan. An turo mata rawar bikin ƙanwarta a kwamfuta, ita kuwa ba ta yarda da abin da ba ta iya riƙewa a hannu ba, sai ta ce za ta juye a kaset. Ta jona wayoyi, ja a ja, fari a fari. Da yake sabon kaset ya ɓace a kasuwa, ta laluba durowar maigida ta ɗauko wani marar suna, ta liƙe ramin gefensa da salatif, ta danna jan maɓalli. Rawa ta yi nisa kafin ta tuna abin da ya sa aka ɓalle haƙorin kaset ɗin tun farko: don kada a yi ɗauka a kansa. Shi kaɗai ne kaset ɗin da ya rage mai ɗauke da fuska da muryar mahaifiyar Direba, Allah Ya jiƙanta. Uwar Biyu ta fizge wayar wuta daga bango. Marigayiya ta yi "gurrr", ta yi shiru, ta ƙi amayarwa.

Tun daga nan Uwar Biyu ta kasa kunne a ƙofa. In mota ta tsaya a waje, sai ta miƙe zumbur. Ba ta sani ba ko da sauran surukarta a ciki, ko ƙanwarta ta taka rawa a kanta har ƙarshe. Direba kuwa yana hanyar dawowa, kuma duk layin nan an san muryarsa.

Marigayiya ta bar talabijin, da rimot ɗaure da kyauro, da marayun kaset kwali guda, da kwamfuta da ko a jikinta.

Gobe mai gyara zai buɗe ta da sukudireba a ciro abin da ke ciki, sannan a kai ta makwancinta a saman wadirob. Ana roƙon jama'a kada kowa ya kira Direba. Mu da muka sani mun isa. Za a karɓi gaisuwa a gidan yayan Uwar Biyu, inda akwatin kayan ita Uwar Biyu ya riga ya isa tun safe.